Tarihin Rudolf Diesel, Mai Injin Gazuwal

Yau za mu kawo wa masu karatu tarihin wani Bajamushe wanda sunansa ya fi shi yawo a duniya. Direban kamiyo ya san injin dizal, mai injin niƙa a ƙauye ya san shi, haka ma mai ban-ruwa a fadama. Amma kaɗan ne suka san cewa kalmar nan sunan mutum ce, wato Rudolf Diesel, wanda ya yi shekara 55 a duniya, ya ƙarar da mafi yawansu wajen neman hanyar da za a ƙona mai ba tare da ɓarna ba. Za mu fi daɗewa a kan shekaru huɗu na gwaji, daga 1893 zuwa 1897, da kuma abin da ya biyo bayansu, don a nan ne za a ga tazarar da ke tsakanin dabara a takarda, da inji a ɗakin gwaji, da inji a hannun wanda ya saye shi da kuɗinsa.

An haifi Rudolf Diesel ran 18 ga watan Maris na shekara ta 1858 a birnin Paris. Iyayensa baƙi ne a can. Uban, Theodor, mutumin Augsburg ne, a ƙasar Bavariya ta kudancin Jamus. Ya koyi ɗinkin littattafai, daga baya ya koma dukanci, yana yin ƴan kayan fata a wani ƙaramin shago. Uwar, Elise, ƴar Nuremberg ce. Gidan ba na wadata ba ne, yaron kan taya ubansa aiki, ya kuma kai wa masu saye kayansu. A shekara ta 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, hukuma ta umurci Jamusawa mazauna Paris su fita. Iyalin suka ƙetara zuwa Landan hannu rabbana. Da uban ya ga ba shi da halin ciyar da kowa, sai ya tura Rudolf, yana ɗan shekara 12, zuwa Augsburg wurin danginsa, Christoph Barnickel da matarsa Barbara. Shi Barnickel malamin lissafi ne a makarantar koyon sana'a ta garin, nan ya sa yaron. Yana da shekara 14 ya rubuta wa iyayensa cewa shi injiniya zai zama. Ya fita na ɗaya a ajinsu, a 1875 kuma ya sami tallafin karatu ya shiga babbar makarantar fasaha ta Munik.

A can ne ya haɗu da malamin da ya juya masa rayuwa, Carl von Linde, gwanin injunan sanyi. A wani darasi na 1878 Linde ya bayyana wa ɗalibai cewa injin tururi, wanda a lokacin shi ne ke jan jirgin ƙasa, shi ke tuƙa jirgin ruwa, shi ke juya masaƙu, ba ya mai da fiye da kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na zafin kwal ɗin da yake ci ya zama aiki. Sauran duk yana bin hayaƙi da ruwan zafi ya tafi. Mai karatu ya kwatanta da manomin da ya zuba dami 10 a rumbu, ya tarar ɗaya kaɗai ya kai bakin iyali. Linde ya kuma karanta masu koyarwar wani Bafaranshe, Sadi Carnot, wanda tun 1824 ya nuna cewa gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin da inji ya fara aiki da shi da sanyin da ya ƙare a kai, gwargwadon amfanin da za a ci. Diesel ya rubuta a gefen littafinsa cewa sai ya bincika ko wannan zai yiwu a aikace. Shekararsa 20 a lokacin.

Zazzaɓin taifot ya hana shi jarrabawa a 1879. Kafin ta sake zagayowa ya je ya yi aikin hannu a ma'aikatar Sulzer, a Winterthur ta ƙasar Suwis, abin da ya amfane shi ƙwarai daga baya. A watan Janairu na 1880 ya gama da sakamako mafi girma, ya koma Paris yana yi wa Linde aiki a ma'aikatar ƙanƙara, bayan shekara guda aka ba shi shugabancinta. Ya auri Martha Flasche a 1883, suka haifi ƴaƴa uku. Da rana yana sayar da injunan sanyi, da dare yana fama da wani inji nasa mai aiki da tururin amoniya. Shekaru ya yi a kansa bai ci riba ba, ya bar shi. A 1890 ya ƙaura zuwa Barlin.

Dabarar da kuskuren da ke cikinta

Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san bakin famfon yakan yi zafi a hannu. Iska ce, in an matse ta sai ta ɗau zafi, in an ƙara matsi ta ƙara. Injin isansi da muka sani, jikan wanda Nikolaus Otto ya ƙera a 1876, yana gauraya mai da iska tun farko, ya matse su tare, sannan buji ya kunna masu wuta. Ba ya iya matse su da yawa, don in ya yi haka sai su kama da kansu kafin lokaci, su bugi fisto yana kan hanyar hawa. Diesel ya ga cewa iska zalla ba ta ƙonewa komai matsin da ta sha. Saboda haka a matse ta ita kaɗai har ta yi zafin da ya wuce na kama wutar mai, sa'an nan a fesa man a ciki, ya kama da kansa, babu buji babu ashana. Matsi mai yawa shi ne zafi mai yawa, zafi mai yawa kuwa shi ne tazarar da Carnot ya yi magana a kai.

Ya nemi takardar mallakar wannan dabara a watan Fabrairu na 1892, hukumar Jamus ta ba shi ita ran 23 ga Fabrairu na 1893, lambarta 67207. A shekarar kuma ya buga ɗan littafi yana bayyana lissafinsa. To, a cikin lissafin akwai gagarumin kuskure. Ya so a matse iskar har ninki 250 na matsin iskar da muke shaƙa, a riƙa ɗiga man kaɗan-kaɗan yadda zafin ba zai ƙaru ba sam a lokacin ƙonewa, har ya ce injin ba zai bukaci ruwan sanyaya ba. A takarda abin ya ba da amfani sama da kashi 70 cikin 100. Amma man da za a zuba ta wannan hanya ya yi ƙanƙanta har ƙarfin da zai bayar ba zai ishi injin ya juya kansa ba, balle ya ja wani abu. Gogayyar ƙarfe da ƙarfe za ta cinye shi duka. Masana sun nuna masa haka, shi ma ya gane. A cikin 1893 ya sake lissafi, ya rage matsin, ya ƙara man, ya nemi takarda ta biyu a watan Nuwamba. Sai dai bai taɓa fitowa fili ya ce ta farkon ta kauce ba, domin a kanta yarjejeniyoyinsa suka ginu. Wannan shirun ya bi shi har ƙarshen ransa.

Ma'aikatar Deutz, gidan injin Otto, ta ƙi shi. Heinrich von Buz, shugaban ma'aikatar injuna ta Augsburg, shi ma da fari ya ƙi, sai da Diesel ya sauko da matsin ya yarda. Aka sa hannu a watan Fabrairu na 1893, a watan Afirilu kamfanin Krupp na Essen ya shigo, ya ɗauki nauyin biyan Diesel mak 30,000 a shekara. Aka ware masa wuri a cikin ma'aikatar Augsburg.

Shekaru huɗu a ɗakin gwaji

Injin farko silinda ɗaya gare shi, a tsaye kamar turmi, faɗin bakinsa santimita 15, fisto yana hawa da sauka santimita 40, da wata babbar ƙafar ƙarfe a gefe. Tun da ba ya iya tashi da kansa, sai aka ɗaura masa igiyar fata daga injin ma'aikatar tana juya shi. Matsala ta fara tun kafin a zuba mai. Babu wanda ya taɓa ƙera fisto da bawul da za su riƙe irin wannan matsi. Iska ta riƙa zurarewa ta ko'ina, aka yi makonni ana gyara ana sakewa kafin matsin ya haura ninki 30.

Ran 10 ga Agusta na 1893 aka fesa isansi a ciki karo na farko. Ya kama, amma da irin ƙarar da ba a zata ba. Matsin ya yi tsalle zuwa wajen ninki 80, ma'aunin da ke kan silinda ya tarwatse, gutsattsarinsa suka wuce ta gefen kan Diesel da abokin aikinsa Lucian Vogel. Allah ya kiyaye, ba wanda ya mutu. Abu guda ya tabbata a ranar, zafin iska kaɗai ya isa ya kunna mai. Amma injin nan bai taɓa juya kansa ba ko sau ɗaya, sai hayaƙi da toka. Diesel ya koma Barlin ya yi watanni yana sake zane.

Babbar wahalar ita ce shigar da man. A tuna, cikin silindar akwai iska mai matsin ninki 30 da ƴan kai, ga shi ana so a tura ɗan ɗigon mai ya ratsa ta, ya watsu kamar hazo, a daidai lokacin da ake so, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, a kuma maimaita haka ba fashi. Famfunan zamanin ba su iya ba. Mafitar da ya samu ita ce ya hura man da wata iskar da ta fi ta cikin silinda matsi. Wannan ya yi aiki, amma ya jawo wa injin ƙarin kaya, don dole a haɗa masa famfon matsa iska da tulun ajiye ta. Mai karatu ya riƙe wannan famfo a ransa, za mu sake gamuwa da shi.

Ran 17 ga Fabrairu na 1894 ana cikin gwaji, makanikin da ke kula da injin, Hans Linder, ya lura igiyar fatar ta sake hali: gefen da ke a miƙe ya saki, wanda ke a sake ya miƙe. Ma'ana injin ya daina zama abin ja, shi ne yake ja. Linder bai ce komai ba, hularsa kawai ya ɗaga. Injin ya yi minti guda yana tafiya, ya juya sau 88. Minti ɗaya bayan wata bakwai na aiki, kuma babu kaya a kansa.

Wanda ya zaci daga nan hanya ta miƙe bai san gwaji ba. Sauran shekarar 1894 kusan duk a dawa aka ƙare ta. Diesel ya gwada dafa man ya zama tururi kafin ya shiga, bai yi ba. Ya gwada gas irin na fitilun birni. Har ya koma neman kunna wutar da tartsatsin lantarki, abin da dabararsa ta zo ta kawar, aka kira Robert Bosch na Stuttgart don wannan. Mutanen Krupp suka fara gajiya da zuba kuɗi. A ganinmu a nan ne Buz ya cancanci a tuna da shi tare da Diesel, domin shi ne bai janye ba, alhali ba shi da abin nuna wa masu hannun jari sai takardun awo. Abin da ya ceci aikin kuwa shi ne Diesel mutum ne mai rubuta komai. Kowane gwaji da ranarsa, da zanen matsinsa, da nauyin man da ya ci, da abin da ya lalace. Saboda haka ko hanyar da ta ɓata ba ta tafi a banza ba, an san dalilin ɓatanta, ba a sake bin ta.

A farkon 1895 aka sake gina injin, aka faɗaɗa silindar zuwa santimita 22, aka kewaye ta da rigar ruwa, ruwan nan da littafin ya ce ba a bukata. Aka koma ga hura mai da iska, aka kyautata bakin da ke fesa shi. Ran 26 ga Yuni aka ɗora masa birki aka auna ƙarfinsa, ya ba da kashi 16.6 cikin 100. Ya riga ya wuce injin tururi. Daga 8 ga Nuwamba zuwa 20 ga Disamba aka yi masa gwajin juriya, ya tara awa 111 yana aiki. Da ganin haka Buz ya yarda a ƙera sabo fil.

Wani saurayin injiniya, Imanuel Lauster, shi ya zana na ukun, ya gama a ƙarshen Afirilu na 1896. Faɗin silinda santimita 25, tafiyar fisto 40, nauyinsa ya haura tan 4, tsayinsa wajen mita 3. Aka gama haɗa shi ran 6 ga Oktoba. Ko a nan sai da aka yar da wata dabara: Diesel ya so ƙasan fisto ya riƙa tura ƙarin iska cikin silinda, awo ya nuna hasara ake yi, aka cire.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ran 17 ga Fabrairu na 1897, shekara uku cif bayan ɗaga hular Linder, Farfesa Moritz Schröter na Munik ya zo da ma'aunansa ya yi wa injin jarrabawa, a matsayin wanda ba shi da hannu a cinikin. Da kananzir aka tashe shi. Ya ba da ƙarfin doki 17.8 yana juyawa sau 154 a minti, yana shan giram 238 na mai a awa ga kowane doki. Amfaninsa kashi 26.2 cikin 100, fiye da ninki biyu na injin tururi, babu kuma wani inji mai aiki da zafi a duniya da ya kai shi a ranar. Injin nan yana ajiye a babban gidan tarihin fasaha na Munik.

Sauri ya haifi nawa

A watan Yuni na 1897 Diesel ya tsaya gaban taron injiniyoyin Jamus a Kassel ya gabatar da injin a matsayin abin da ya isa shiga kasuwa. Nan ne ya yi kuskuren da ya fi na littafin tsada. Inji guda ɗaya ne aka gwada, a ɗaki mai tsabta, da mai tatacce, a hannun mutanen da suka san kowane tarinsa, suna tsaye a kansa dare da rana. Ba a gwada shi a hannun baƙo ba, ba a gwada shi wata shida a jere ba, ba a kuma gwada ko wata ma'aikatar za ta iya ƙera irinsa daga zane kaɗai ba.

Amma kuɗi ba su jira. Kamfanin Mirrlees na Glasgow ya sayi izinin ƙerawa. Adolphus Busch, mai kamfanin giya a St. Louis, ya biya mak miliyon 1 don Amurka da Kanada. Emanuel Nobel ya saya don Rasha, Burmeister da Wain don Danmark. A 1898 Diesel ya tattara haƙƙoƙinsa ya sayar wa wani kamfani da aka kafa don haka, a kan mak miliyon 3 da rabi, wani kashi kuɗi hannu, wani takardun hannun jari. Ɗan badukun Paris ya zama attajiri cikin shekara guda.

Injin farko da aka sayar ya fara aiki a watan Maris na 1898 a wata ma'aikatar ashana a Kempten, silinda biyu, doki 60. Sai da makanikan Augsburg suka yi ta zarya a kansa kafin ya zauna. Na sauran wurare suka fi shi muni. Famfon matsa iskar nan yakan yi zafi har man shafawar cikinsa ya ƙone, bakin fesa mai yakan toshe da baƙin toka, bawul su ci wuta. Mai ma'aikatar da ya sayi inji don ya rage kuɗin kwal sai ya wayi gari ma'aikatansa na zaune, injin na kwance. Wata sabuwar ma'aikata da aka kafa a Augsburg da sunan Diesel kansa, dabam da ta Buz, ta yi ta ƙera injuna ana maido mata da su, ba ta daɗe ba ta durƙushe, masu jari suka yi hasara. Krupp da Deutz suka ja da baya. Ga shari'a kuma, wani injiniya mai suna Emil Capitaine ya kai ƙara yana neman a soke takardar mallakar. Diesel ya ci shari'ar, amma jikinsa ya gaza. Ciwon kai da rashin barci suka kwantar da shi, a ƙarshen 1898 ya shiga asibiti a Munik, a daidai lokacin da injinsa ya fi bukatarsa.

Gwajin da ya kamata a yi kafin sayarwa sai aka yi shi bayanta, a kan kuɗin masu saye da sunan injin. Waɗanda suka yi shi su ne Lauster da abokansa a ƙarƙashin Buz. Suka raba matsa iskar hawa biyu da sanyaya ta a tsakani, suka sake bakin fesa mai, suka nemi ƙarfen da ke jure zafi, suka sauƙaƙa ginin. A St. Petersburg injiniyoyin Nobel suka sa shi ya ci ɗanyen man Baku a 1899, wanda ya fi kananzir araha nesa. Wajen 1902 injin ya zama abin dogaro. Shekara biyar ke nan bayan jawabin Kassel.

A tsakiyar wannan hali aka yi babban baje-kolin duniya na Paris a 1900, injin Diesel ya sami lambar girma mafi daraja. A wurin akwai wani ƙaramin inji da aka tasa da man gyaɗa tsantsa, ya yi ta aiki lafiya har yawancin masu kallo ba su lura ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi haka, tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke yi, kwal da man fetur kuwa sai an yi dakonsu daga nesa. Shekara guda ke nan da sojojinta suka shiga Damagaram. Arahar man ƙasa ta sa maganar ta kwanta, amma Diesel ya riƙa tada ita a jawabansa har 1912.

Daga nan injin ya kama hanyarsa, mai shi ya kama tasa. A 1903 ya shiga jirgin dakon mai Vandal a kogunan Rasha, a 1904 Faransa ta sa shi a jirgin yaƙi mai nitso, a 1912 jirgin Selandia na Danmark ya tashi daga Copenhagen zuwa Bangkok babu tukunyar tururi. Abin lura shi ne burin Diesel tun farko ƙananan masu sana'a ne. Ya so maƙeri da masassaƙi su sami ɗan inji mai araha, su tsaya da ƙafarsu gaban manyan ma'aikatu masu injin tururi. Famfon iskar nan ya hana. Nauyinsa da tsadarsa suka sa injin ya zama na manyan jiragen ruwa da gidajen wuta. Ƙaramin inji bai samu sosai ba sai bayan da kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon da ke fesa mai kai tsaye, da yawa, a 1927. Kamiyo mai gazuwal ya fito a 1923 da 1924, motar shiga a 1936. Diesel bai ga ko ɗaya ba.

Gwanin lissafin zafi bai iya lissafin kuɗi ba. Ya gina katafaren gida a Munik, ya zuba dukiya a cinikin filaye da rijiyoyin mai na Galisiya, duk suka nutse. A 1903 ya wallafa littafi mai suna Solidarismus, inda ya tsara yadda ma'aikata za su riƙa tara ƴan kuɗi kaɗan-kaɗan su mallaki ma'aikatunsu, wani abu mai kama da ƙungiyoyin haɗin gwiwa. Ya ɗauke shi da muhimmanci ƙwarai, amma ƴan ɗaruruwa kaɗai aka saya. Wa'adin takardun mallakarsa ya cika a 1907 da 1908, kuɗin izini suka tsaya. A 1912 ya ziyarci Amurka, aka karɓe shi da girma, ya gana da Thomas Edison. A watan Nuwamba na shekarar ya yi jawabi a Barlin kan yadda injin ya samu, wasu shehunan malamai suka tashi a gaban jama'a suka tono tsohon zance, cewa injin da ke aiki ba shi ne na takardar 1893 ba, kuma ma'aikatan Augsburg ne suka kai shi ga gaci. Akwai gaskiya a maganarsu. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ya tsaya kusa da silindar ran 10 ga Agusta, ko ya jure shekarar 1894. Diesel ya faɗaɗa jawabin ya zama littafi, ya fito a 1913, ya jera gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka faɗi.

Ran 29 ga Satumba na 1913 da yamma ya shiga jirgin ruwa Dresden a Anvers ta ƙasar Beljik, zai ƙetara zuwa Harwich a Ingila don taron wani kamfanin injunansa a Landan. Yana tare da abokansa biyu, George Carels da Alfred Luckmann. Suka ci abinci, wajen ƙarfe 10 na dare ya yi masu sallama, ya bar saƙo a tashe shi ƙarfe 6 da kwata. Da safe aka tarar ɗakin ba kowa, gadon ba a kwanta a kai ba. Bayan kwana 10 wani jirgin Holand ya tsinci gawa a teku. Matuƙan suka cire abin da ke aljihunta, jakar kuɗi da ƴar wuƙa da gidan tabarau da kwalin magani, suka mai da ita ruwa. Ƙaramin ɗansa Eugen ya duba kayan ya shaida na ubansa ne.

Jaridu sun yi ta baza jita-jita, wasu suka ce an kashe shi ne don kada ya ba Ingilishi asirin injin, yaƙi kuwa yana ƙofa. Amma da iyalin suka buɗe takardunsa sai suka tarar asusunsa na banki babu komai, ga bashi mai nauyi da ya ɓoye wa kowa har matarsa. Saboda wannan ne yawancin marubuta tarihinsa suka tafi a kan cewa shi ya jefa kansa. Gidan Munik da kayan cikinsa aka sayar don biyan masu bin bashi. Eugen, wanda yake da shekara 24 a lokacin, ya zama marubuci, a 1937 ya wallafa tarihin ubansa.